Bangon da Ya Tsiro Gashi

Ba a taɓa ambaton wani abu a duniyar nan Sha-Tafiya ya ce bai san shi ba. Tsohon direban tirela ne, kuma tun da ciwon baya ya sauke shi daga mota, bakinsa ya karɓi tuƙin. Ka ce jirgin ruwa, ya taɓa gyara ɗaya da wayar birki. Ka ce ciwon haƙori, ya taɓa cire wa wani da filaya a gefen titi, mutumin har godiya ya yi. 'Yan layinsu sun daina musu da shi, don wanda ya ƙaryata labari ɗaya sai ya sha uku a tsaye.

Abin da ya tayar da maganar falo kuwa, Inna ce, mahaifiyarsa. Tsufa ya kama ta, gwiwoyi sun ƙi, ɗakinta kuma a saman bene yake. Likita ya ce lallai ta sauko ƙasa. 'Ya'yanta biyu ne a kusa: Yaya, babbar 'yarta, 'yar kasuwa mai gidan kanta da falon da za a iya koyon keke a ciki, sai Sha-Tafiya, autanta. Inna ta ce za ta je ta ga gidan kowa, inda hankalinta ya kwanta nan za ta zauna.

Duk surutun mutumin nan, akwai abu ɗaya da ba ya faɗa wa kowa. Shekarun da ya kwashe a kan hanya, Yaya ce ta yi ɗawainiyar tsohuwar, shi sai dai ya leƙo da tsaraba ya wuce. Yanzu so yake ta zauna a gabansa, ya riƙa jin tarinta da safe. Ɗakin kwana akwai. Matsalar ita ce Inna mai zaman falo ce, nan take wuni tana karɓar masu gaisuwa.

"Auta, a ina za ka ajiye ta?" in ji Yaya, ranar da suka haɗu a ɗakin Inna. "A falon nan naka, wanda in mutum ya yi miƙa sai ya mari bango biyu?"

"Yaya, girman ɗaki ba a tef ɗin awo yake ba, a ido yake."

"Idon wa? Nawa dai akurki ya gani."

"Ki zo ranar da za a kawo ta. In kin iya nuna mini inda falon ya ƙare, ki canza mini suna."

"Wanne daga ciki?"

Ya dawo gida yana huci, ya tarar da matarsa tana ninke wanki, ya tsaya a tsakiyar falon ya buɗe hannu. Yatsunsa suka taɓa bango ta kowane gefe, ya yi maza ya sauke.

"Kin san abin da ke damun ɗakin nan? Farin bango. Fari tonon asiri ne, yana nuna wa kowa kusurwa. Akwai wani otal da na taɓa shiga, bangon duk shuɗi ne mai duhu, kusan baƙi. Ki tsaya ki duba, ba kya ganin kusurwa ko ɗaya. To in babu kusurwa, a ina ɗaki ya ƙare? Bai ƙare ba ke nan."

"Kwana ka yi a otal ɗin, maigida?"

"Bayan gida na tambaya. Amma na ƙare wa wurin kallo kafin su fito da ni."

Washegari ya dawo da gwangwanin fentin mai, shuɗi. Da ya buɗe ya ga duhun bai kai yadda yake so ba, kuma ko makaho ya laluba ya san ba zai isa bango huɗu ba. Mutum mai hankali kanti zai koma. Sha-Tafiya gareji ya nufa, wajen tsofaffin abokan aikinsa, ya dawo rungume da jarka.

Matar ta leƙa bokiti tana toshe hanci. "Wannan ba baƙin man da ake juyewa daga inji ba ne?"

"Shi ne. Shekara nawa ina shafa wa katakon bodin mota? Ruwa bai ci, gara ba ta ci, ga ƙyalli."

"Bodin mota ai a waje yake kwana."

"Shi ya sa bango zai fi jin daɗi, shi yana cikin inuwa. Ke dai matsa mini, aikin masana ne."

Ya tuttula, ya gauraya da sandar mofa, ya hau aiki. Ya shafe bango huɗu. Ya ɗaga kai ya ga silin fari fat yana masa dariya, ya taka tebur ya shafe shi ma. Ya bi bayan ƙofa, ya bi katakon taga, har makunnin wuta bai bari ba, wai kada a ga ɗigon fari ko ɗaya. Gaskiyar magana, bangon ya yi ƙyalli. Ƙyallin bakin rijiya.

Maƙwabta biyu ne suka fara zuwa kallo: Mai Aski, wanda shagonsa ke kallon ƙofar gidan, da Mai Katifa, wanda ke baje sana'arsa a gindin tagar falon. Mai Aski ya shigo ya yi wa babbar rigar da ke rataye a jikin ƙofa sallama har sau biyu.

"Ina masu gidan?" in ji Mai Katifa.

"Ga ni a gabanka."

"Ɗan yi tari in san wajen da kake."

"Ku ba ku fita ba ne," in ji Sha-Tafiya. "Wannan shi ake kira zurfi. Kun ga kusurwa?"

"Ni ko ƙafata ban gani ba," in ji Mai Aski.

"To ka gani."

Sai dai fa fenti ya ƙi bushewa. Kullum da safe Sha-Tafiya zai je ya dangwala yatsa, yatsan ya fito baƙi wuluk. Ya canza wuri ya dangwala, haka. Kafin a jima gefen ƙofa ya cika da tabon yatsa, kamar duk garin sun zo sun dangwala shaida. Matar ta koma shiga ɗakinta a karkace, ta tattare zani a hannu.

"Maigida, ranar fa tana matsowa."

"Fenti mai daraja ba ya gaggawa. Iska kawai yake nema."

Ya koma gareji ya aro ƙatuwar fankar da suke shanya fentin mota da ita, irin wadda in an kunna sai hula ta bar kai. Ya girke ta a bakin taga, fuskarta na kallon ciki, ya murɗa ta har ƙarshe. Matar ta tafi kasuwa. Shi kuma ya ja ƙofa ya tsallaka shagon Mai Aski, ya shiga ba da labarin yadda ya taɓa tuƙa tirela da baya tun daga gindin wani dutse har samansa. A daidai wannan safiyar ne Mai Katifa ya farke tsofaffin katifun da aka kawo masa gyara, ya baje audugar a gindin tagar, ya shiga dukanta da sanda.

Ya daka, ya daka, ya lura tulin sai raguwa yake, ƙasa kuwa babu komai.

Da Sha-Tafiya ya dawo ya tura ƙofa, ya ɗauka gidan wani ya shiga. Bango huɗu da silin sun yi fari buzu-buzu, gashi na kaɗawa a hankali kamar bayan tunkiya. Ya tsaya baki buɗe, auduga ta shige masa ciki.

Mai Katifa ya leƙo ta taga. "Ashe nan ta zo. Malam, rabin katifar mutane na jikin bangonka."

"Kai za ka yi mini bayani. Audugarka ta shigo mini gida ba sallama."

"Fankarka ce ta sace ta. Me zan ce wa mai katifar? Ya zo ya jingina da falonka ya yi barci?"

"Da ka san aikinka, da ka ɗaure ta."

"A ɗaure auduga? Akuya ce?"

Mutane suka fara taruwa. Da Sha-Tafiya ya ga idanu sun yi yawa, sai ya gyara tsayuwa ya ce ai da ma haka ya tsara, a ƙasashen sanyi sai manyan masu hali ke sa wa bango gashi. Bai rufe baki ba matar ta dawo, ta sa ƙafa ɗaya a falon, ta shiga atishawa ba ƙaƙƙautawa.

"Inna da tarinta za ka kawo nan?" ta ce tana share hawaye.

Wannan ta shige shi. Ya gwada tsigewa da hannu, kowane tsiga ya taho da zaren baƙin fenti kamar ƙaro. Ya gwada tsintsiya, tsintsiyar ta manne ta zauna. Sai ya tsallaka titi. Mai Aski na tsakiyar yi wa wani mutum aski, ya gama gefe ɗaya.

"Ɗauko kilifarka, minti kaɗan ne."

"Wa za a yi wa?"

"Bango."

Mai Aski ya kashe kilifa ya dube shi. "Bango zan yi wa aski?"

"Kai ba gashi kake yankewa ba? Ka taɓa tambayar gashi na wane ne?"

"To saisaye yake so ko tal-kwabo?"

"Ka bar wasa, tsohuwata ce za ta zo."

Mai Aski mutum ne mai tausayi, kuma yana son ya samu abin ba da labari. Ya ce wa mai rabin kai ya ɗan jira, ya bi shi. Kilifa ta ci kamar tafin hannu, ta yi gurnani, ta yi tari, ta ɗauke wuta da baƙin mai cike da haƙoranta. Ita ke nan gare shi.

"Ka kashe mini sana'a," in ji Mai Aski.

"Da ma ta tsufa. Wadda na gani a wani gari, har ciyawa ake yanka da ita."

Suna cikin haka mai rabin kai ya bayyana a bakin ƙofa, ƙyallen aski ɗaure a wuya. Ya dubi bango, ya dubi kilifa, ya shafa gefen da ba a taɓa ba.

"Saboda wannan aka bar ni?" ya ce. "To shi ma ba a gama masa ba."

Ranar dai da aron hula ya koma gida.

Tun da gashi ya ƙi fita, Sha-Tafiya ya yanke shawarar a rina shi. Ya ɗauko ragowar haɗinsa ya bi kan audugar ya danna. Yanzu bangon ya koma baƙi, mai gashi, mai danshi, kamar ƙirjin wata dabbar da ba a san sunanta ba. Ya rufe taga ruf saboda auduga. Ya mayar da fanka, ya aro fitilar nan mai zafi da makanikai ke haska ƙarƙashin mota da ita, ya ce abin da iska ta kasa, zafi zai yi. Sannan ya jawo kujeru duka zuwa tsakiyar ɗaki don kada kowa ya jingina. Falon da da ma bai kai ya kawo ba, ya koma kamar bayan tasi.

Matar ta tsaya tana kallonsa. "Maigida, ka manta abu ɗaya."

"Ba na mantuwa. Na taɓa haddace lambar—"

"Inna bango take dafawa in tana tafiya."

Ya dubi bangon, ya dubi hannunsa. Can ya ce, "Ni zan zama bangon."

Ranar ta zo. Yaya ce ta kawo Inna a motarta, ta fito cikin farin leshi da farin mayafi, tana ƙamshi. Rabin layin sun sami dalilin tsayawa a ƙofar gidan: wannan yana gyara takalmi, wancan yana duba tayar keken da babu abin da ya same ta. Mai Aski da Mai Katifa ko kunyar neman dalili ba su yi ba, benci suka kawo.

Sha-Tafiya ya ruga ya buɗe mota, ya kama Inna ta kafaɗa, ya manna ta a jikinsa.

"Lafiya, Auta?" in ji Inna. "Rabon da ka riƙe ni haka tun kana tsoron kaji."

"Ladabi ne, Inna."

"Yaushe ka saya?"

A bakin falo ta miƙa hannu za ta dafa bango kamar yadda ta saba, ya yi wuf ya tura kansa ƙarƙashin tafin. Ta dafa kan. Ta sake miƙawa ta ɗaya gefen, ya zagaya ya tare da kafaɗa. Haka suka shiga, yana rawa a kewayenta, har ya zaunar da ita a kujerar tsakiya. Inna ta gyara zama. Ta dai dubi bangon, ta dubi surukarta, surukar ta sunkuyar da kai.

Yaya ta kutsa ta zauna, gwiwarta na gugar ta ƙanenta. Fitila na ci a kusurwa tun safe, taga a rufe, ɗakin ya yi zafi kamar cikin inji.

"Warin gareji nake ji," in ji Yaya.

"Turaren ɗaki ne, sabon fitowa. Bai iso wajenku ba tukuna. To Yaya, ga ki ga falo. Nuna mini inda ya ƙare."

"Ni ban ga inda ya fara ba ma."

Ya juya wajen ƙofa ya ɗaga murya. "Jama'a kun ji da kunnenku."

"Me ya sa bangon ke da gashi?"

"Don kada sauti ya dame Inna."

"Me ya sa yake zufa?"

Matar ta kawo shayi. Yaya ta ɗauki kofi, ta kai baki, sai wani abu ya ce ɗis a ciki. Baƙin ɗigo ya baje a kan shayin. Zafin da aka ce zai busar da bango, silin ya narkar. Ɗis na biyu ya sauka a kafaɗar farin leshi. Ta ɗaga kai don ta ga daga ina, na uku ya same ta a tsakiyar goshi.

"Yaya, kada ki tashi," in ji Sha-Tafiya.

Ta tashi. Ta ja da baya, kuma a falon nan baya ɗaya ce ake ja, a ta biyu an iso. Bangon ya karɓe ta tun daga kafaɗa har ƙasa. Ta yunƙura, ya riƙe. Ta sake yunƙurawa da salati, ta fito, mayafin ya zauna a can a baje kamar an shanya shi.

Sha-Tafiya ya zabura zai cece ta, ƙafarsa ta harɗe wayar fitila. Ɗaki ya yi baƙi ƙirin.

"A kunna wuta!" in ji Yaya.

Wa zai kunna? Makunnin na nan a wani wuri cikin gashi, baƙi cikin baƙi. Masu benci suka ji ihu suka ruga taimako, kowa ya shigo da hannu a gaba yana lalube, kuma babu abin lalubawa sai bango. Aka ji Mai Katifa na cewa wani ya taka shi. Aka ji Mai Aski na cewa ya samu makunnin, ashe hancin wani ya kama. Aka ji Sha-Tafiya yana cewa kowa ya kwantar da hankalinsa, ya taɓa fitar da fasinjoji daga cikin kogi, sannan aka ji wani santsi, da wani tim.

Matar ce ta bi ta kan kujera ta bankaɗe taga.

Haske ya shigo ya tarar da maigidan manne da bango, kunci ɗaya a jiki, hannuwa a baje, kamar ƙadangaren da ya ji motsi. Mai Aski baƙi har gwiwar hannu. Mai Katifa ya samu audugarsa, a gemu. Mutum ɗaya ce fes a ɗakin: Inna, a kujerar tsakiya, ta rufe bakin kofinta da tafin hannu, tana kurɓa ta gefe.

Sai da mutum biyu suka ɓamɓaro shi. Aka fito waje ɗaya bayan ɗaya, layin gaba ɗaya ya kwashe da dariya, har masu wucewa a babur suka tsaya. Yaya ta fito ƙarshe, gabanta fari, bayanta baƙi mai gashi. Ta juya ta leƙa ciki.

"Inna, tashi mu tafi. Kin dai gani da idonki."

"Na gani," in ji Inna. Ta ajiye kofi. "Je ki ki wanke jikinki. In kin huta, ki aiko mini da kayana."

"Nan? Cikin wannan ramin?"

"Ke na gama da ke tun kina ƙarama, ko babu ni za ki iya. Wannan kuwa, ga furfura a kansa, ashe ban gama renonsa ba. Ina can sama ina zaton ya yi hankali, ashe don ba na ganinsa ne. Kuma yarinyar nan ta yi haƙuri ita kaɗai ya isa haka, tana bukatar mai taya ta."

Matar ta juya fuska tana gyara ɗankwali, kafaɗunta na rawa.

"Auta."

"Na'am, Inna."

"Nemo abin kankara. Har siminti nake so in gani, sannan a sa fari. Ka gyara wa bawan Allahn nan kilifarsa, ka mayar wa wancan audugarsa. Kafin nan ka fitar mini da kujera tsakar gida."

"To, Inna."

Ya tsaya a bakin ƙofa, mai na ɗiga daga kunnensa. Idonsa ya kawo ruwa, ya goge da bayan hannu, ya ƙara wa fuskar baƙi. Ya ja numfashi, ya dubi taron, ƙirjin ya fara tasowa da kansa.

"Kun dai shaida," ya ce. "Falo biyu aka gwada. Nawa aka zaɓa."

"Ina jin ka fa," in ji Inna daga ciki.

Ya sunkuya ya shiga ɗauko kujera.